Daga Yamai zuwa Jidda: mutanen da ke tsakani

Idan aka ɗauki zare, aka kafa bakinsa a kan Yamai, aka ja shi a miƙe bisa ƙwallon taswirar duniya har ya taɓa Jidda, tsawon da za a samu bai wuce kilomita 4000 da ƴan kai ba. Wannan shi ne nisan da masu lissafin zirga-zirgar jiragen sama suke aiki da shi, wanda Faransanci ke kira «à vol d'oiseau», wato nisa gwargwadon tashin tsuntsu. Jirgin alhazai, da ke keta kilomita 850 ko fiye cikin sa'a guda, yana iya cinye shi a sa'a 5, muddin hanya a buɗe take. Mutum ya yi asuba a bakin kogin Kwara, ya yi la'asar a bakin Bahar Maliya. Malaman Malikiyya sun ƙayyade tafiyar da ke halatta kasaru da mil 48, wajen kilomita 80, abin da raƙumi mai kaya ke yi a yini biyu. Jirgin nan, in ya miƙe a sama, yana wuce wannan ƙa'ida cikin minti 6.

Lissafin daidai yake, babu mai ja da shi. Abin da ke gabana shi ne abin da lissafin ya zubar kafin ya kai ga wannan adadi, da kuma ko abin da ya zubar ɗin yana da hakki a kanmu.

Mu fara da bin zaren. Daga Yamai yana ratsa Adar, kudu kaɗan da Tawa, ya bi ta Damargu arewa da Tanut, ya hau duwatsun Tarmit. Daga nan sai rairayi. Yana shiga Cadi ta arewa, ya gifta ta kan dabinon Faya, ya faɗa hamadar arewacin Sudan, ya tsallake kogin Nilu a ƙasar Nuba, ya isa teku arewa da Bur Sudan. In aka cire Faya da siririn bakin Nilu, mafi yawan wannan layi ba shi da rijiya, ba shi da kasuwa, ba shi da wanda zai ce wa baƙo sannu da zuwa. Mai ƙafa ba ya iya binsa, shi ya sa hanyar da talakawan ƙasar Hausa suka bi zuwa Makka, musamman daga farkon ƙarni na 20, ta lanƙwashe ta yi kudu. Mutumin Maraɗi ko na Damagaram yakan gangara Kano ko ya zarce Barno, ya kewaye tabkin Cadi zuwa Fort-Lami, wadda ake kira Njamena tun 1973, ya nufi Abeshe a ƙasar Wadai, ya ƙetara ta Adare zuwa Janaina, sa'an nan Fashir, Nuhud da Ubayyid, inda mai ƴan kuɗi zai iya shiga jirgin ƙasa. Ƙarshen tudu shi ne Sawakin, tashar da ake tsare alhazai a duba lafiyarsu kafin su hau jirgin ruwa.

Ba a auna wannan hanya da kilomita. Hausa tana da nata ma'auni: zango, tafiyar yini, kwana nawa. Ko wannan bai isa ba, domin tafiyar takan ci shekaru. Dalilin kuwa yana cikin fikihu kansa. A mazhabar Malikiyya, ikon zuwa hajji bai rataya ga mallakar guzuri da abin hawa ba. Wanda ke da ƙarfin tafiya da ƙafa, yana kuma da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya, ana ƙirga shi cikin masu iko. Wannan hukunci ya fitar da wanzamai, maɗinka, mahauta, manoma da almajirai daga gidajensu ba tare da ko dala ɗari a lalita ba. Su yi damina a nan su noma gonar wani, su yi rani a can suna jan ruwa ko aski, su tara abin da zai kai su zango na gaba. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, gonakin audugar Jazira suka zama babban wurin da mutanen yamma ke ya da zango su yi ƙodago. Wasu sun isa Makka da ƴaƴan da aka haifa a hanya. Wasu ba su isa ba, ba su kuma dawo ba. Masanin halayyar al'umma Bawa Yamba ya wallafa littafi a 1995 game da Hausawan Sudan da aka haifi iyayensu da kakanninsu a can, amma suna ɗaukar kansu matafiya ne da ba su riga sun ƙarasa ba. Garin Mai Wurno, a bakin Shuɗin Nilu, yana ɗauke da sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ci gaba da hijira gabas tare da jama'a bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903.

Abin lura a nan shi ne yadda irin wannan tafiya ke ɗaure mutum. Duk ruwan da ya sha, wani ne ya haƙa rijiyar. Duk daren da ya kwana, a zauren wani ne ko a masallacin wani gari. Ya koyi gaisuwa da Barbarci, ya koyi ciniki da Larabcin Shuwa, ya san wane sarki ne ke karɓar fito, wace kaka ce ta yi kyau a Dar Masalit. In matarsa ta haihu, matan garin ne suka karɓi haihuwar. In abokin tafiyarsa ya rasu, mutanen garin ne suka ba da wuri a maƙabartarsu. Da ya dawo gida, abin da ake taruwa a ji daga bakinsa ya haɗa da Makka da Madina, ya kuma haɗa da duk ƙasashen da ke tsakani. Ta wannan hanya ce ƙauyen da babu mai karanta taswira a cikinsa ya san akwai wani gari da ake kira Fashir, ya san irin tuwon da ake ci a can.

Marubucin Faransa Saint-Exupéry, wanda shi kansa matuƙin jirgi ne, ya kalli wannan al'amari ta ɗaya gefen. A littafinsa Terre des hommes na 1939, ra'ayinsa shi ne hanyoyin ƙasa sun daɗe suna ruɗin ɗan Adam: da yake suna bin ruwa da gonaki, sun sa muna zaton duniya wuri ne mai ni'ima, sai da jirgi ya zo da miƙaƙƙen layi muka ga yawancinta dutse ne da rairayi. Nakan karanta wannan babi da ɗalibaina, kuma nakan yarda da rabinsa. Gaskiya ne jirgi ya nuna mana girman kufai. Amma ban yarda hanya ta yi ƙarya ba. Hanya ba ta taɓa cewa ita awon ƙasa take yi ba. Inda mutane suke take nunawa, kuma wannan ilimi ne da layin sama ba ya bayarwa. Rayuwar marubucin ma ta ba da shaida. A ƙarshen Disamba 1935 jirginsa ya faɗi a hamadar da ke tsakanin Libiya da Masar, shi da makanikinsa suka yi kwanaki ƙishirwa na neman kashe su, har wani Balaraben daji a kan raƙumi ya tsince su ya ba su ruwa. Mai miƙaƙƙen layi ya rayu ne domin ya faɗo kusa da inda wani mai lanƙwasasshiyar hanya ke wucewa.

Kada mai karatu ya ɗauka ina kukan zamanin da. Wanda ya yi wa tsohuwar hanya kirari ba tare da ya ambaci muninta ba ya zalunci waɗanda ta cinye. Akwai ƙishirwa da annoba, akwai ƴan fashi, akwai sarakuna da ma'aikatan iyaka masu tatsar baƙo. Akwai abin da ya fi wannan muni: yara da barori da aka riƙa sayarwa a hanya ko a Hijaz domin a sami kuɗin ƙarasawa ko na komowa, kuma Sa'udiyya ba ta soke bauta a hukumance ba sai 1962. Mata da yawa sun zauna shekaru ba su san ko su matan aure ne ko zawarawa ba. Tun kafin wannan zamani ma, nisa ya hana manyan mutane abin da suka fi so. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, malamin ya wuce Makka ya mayar da shi gida sabili da bai nemi iznin mahaifinsa ba, kuma har ya rasu a 1817 bai sami zuwa ba. Yau tsohuwa mai ciwon gwiwa tana zuwa ta dawo cikin wata guda, ta tarar da jikokinta ba su manta fuskarta ba. Wanda ya ce wannan ba rahama ba ce, bai taɓa jiran matafiyi ba.

Sai dai rahamar ta zo da nata farashi. Da, shekaru ake biya, yanzu kuɗi. A 2023 kujerar hajji daga Nijar ta haura sefa miliyan 3, kuma kason da Sa'udiyya ke ba ƙasar bai kai mutum dubu 16 ba. Wanzamin da fikihu ya ce yana da iko domin yana da aska da ƙafafu, biza da fasfo sun ce ba shi da shi. Ba banza ba ne kalmar alhaji ta koma nufin attajiri, har Emmanuel Grégoire ya sa wa littafinsa na 1986 game da manyan ƴan kasuwar Maraɗi suna Les Alhazai de Maradi. Wannan canji an sha magana a kansa. Wanda ba a cika magana a kansa ba shi ne na biyu: kuɗin kujera yana sayen sauri, yana kuma sayen kuɓuta daga bukatar kowa. Fasinjan da ke kilomita 10 ko 11 sama da ƙasa ba ya roƙon ruwa a ƙofar wani. Babu wanda ya yi masa alheri tsakanin Yamai da Jidda in ban da ma'aikatan jirgi, su kuwa an biya su. Ya sauka ba a bin sa bashin komai, kuma bai san sunan kowa ba.

To, mene ne laifi a ciki? Rashin bashi ai sauƙi ne. Laifin yana bayyana ne ranar da mutanen tsakani suka shiga uku.

A watan Yuli 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, a kan ƙasa da sarauta. Aka kashe fiye da mutum 100, a watan Oktoba kuma aka sake kashe wasu da suka fi haka yawa a wajen Wad al-Mahi. Tushen gardamar shi ne ko jikokin matafiyan nan ƴan ƙasa ne ko har yanzu baƙi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi tsakanin sojojin Sudan da rundunar RSF. A Janaina aka yi wa Masalit kisan ƙare dangi, aka kashe gwamnan jihar, Khamis Abakar, a watan Yuni na shekarar, dubban ɗaruruwan mutane suka tsere zuwa Adare, da yawansu da ƙafa, wato suka bi hanyar alhazan da, amma fuskarsu na duban yamma. Wad Madani, babban birnin Jazira, ya faɗi a Disamba 2023, soja suka karɓe shi a Janairu 2025. A Agusta 2024 aka tabbatar da yunwa mai kisa a wani sansanin ƴan gudun hijira kusa da Fashir. Sunan sansanin Zamzam. Fashir kanta ta faɗa hannun RSF a ƙarshen Oktoba 2025, bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi, kuma abin da ya biyo baya kisa ne na fararen hula. Waɗanda yaƙin ya raba da gidajensu sun haura miliyan 10. A jera sunayen nan, Janaina, Fashir, Jazira, Sannar, za a ga zangunan hanyar hajji ne ɗaya bayan ɗaya.

Ta yaya wannan labari ya iso ga maniyyacin 2023? Ya iso ne a matsayin matsalar hanya. An rufe sararin samaniyar Sudan, jirage suka koma kewaye, tafiya ta ƙara tsawo, a Najeriya kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi a kan kowace kujera. Abin da aka tattauna a majalisu da tashoshi ke nan: sa'a nawa aka ƙara, dala nawa aka ƙara. Ban ce mutanenmu marasa tausayi ne ba. Mutumin da zai tsaya ya ɗauki wanda babur ya kaɗe a bakin kasuwa, shi ne dai wannan. Abin da ya faru shi ne Darfur ta fita daga cikin abin da ya sani. Kakansa zai ji sunan Janaina ya tuna mai masaukinsa. Shi kuwa sunan bai fi masa sunan wani gari na Asiya ba. Na taɓa tambayar aji guda na manyan ɗalibai su nuna mini Fashir a taswira. Kusan duka sun san Jidda, da yawa sun san Dubai, waɗanda suka san inda za su ɗora yatsa a Darfur ba su cika hannu ɗaya ba.

Ana iya kawo mini hujja uku, kuma ba na raina ko ɗaya. Ta farko: ni ban sha ruwan kowa ba, kakana ma wataƙila bai taɓa fita Gobir ba, don me za a ɗora mini bashin da ban ci ba? Amsata daga hukuncin gado take. Kafin a raba dukiyar mamaci, sai an biya bashinsa. Magaji ba ya ɗaukar gona ya ce bashin ba ruwansa. Mu kuwa mun gaji abubuwa da yawa daga waccan hanya. Mun gaji hajji a matsayin abin da talaka ke sa rai da shi, abin da a zamanin Mansa Musa a 1324 ko Askiya Muhammadu a ƙarshen ƙarni na 15 ya fi zama na sarakuna, malamai da ayarinsu. Mun gaji littattafai da ilimin da aka ɗauko, mun gaji alfaharin cewa ana jin Hausa daga Kwara har Bahar Maliya. Duk mai jin daɗin wannan alfahari ya riga ya karɓi gonar.

Ta biyu ta fi ƙarfi: mutanen tsakani ba duka ne suka yi alheri ba. An ci ƙarfin alhazai a gonakin auduga da arha, an kira su da sunaye na raini, an hana jikokinsu takardun zama ɗan ƙasa. Haka ne. Amma wannan ai siffar maƙwabtaka ce. Maƙwabci shi ne wanda kuka yi faɗa a kan iyakar gona, ya ba ka aron galma, akuyarsa ta ci maka dawa, matarsa ta yi wa taka wankan jego. Cuɗanya mai ɗaci da zaƙi ita ke haifar da hakki. Wanda ba ka taɓa saɓawa da shi ba, galibi wanda ba ka taɓa zama da shi ba ne. Kuma yunwar Zamzam ba ta tambayi kowa ko kakansa ya kyautata wa baƙo ko ya cuce shi ba.

Ta uku ita ce tsohuwar hujjar masu falsafa: zuciya ba ta iya ɗaukar duniya duka, tausayi yana raguwa gwargwadon nisa. Balzac ya sa wannan a bakin wani saurayi cikin Le Père Goriot, inda yake tambayar abokinsa ko zai yarda wani tsohon basarake a can ƙasar Sin ya mutu, in mutuwar za ta azurta shi ba tare da ya motsa daga Paris ba. Na yarda zuciya tana da iyaka, mu kanmu muna da namu matattu a Tilaberi da Difa da ba mu gama kuka a kansu ba. Sai dai misalin Balzac yana aiki ne domin basaraken ba shi da suna, ba shi da wata alaƙa da mai tambaya. Darfur ba haka take gare mu ba. An san mu a can, akwai kaburburanmu a can, akwai masu jin harshen da nake rubutu da shi. Nisan da ke tsakaninmu da su bai ƙaru da taƙi ɗaya ba tun zamanin kakanni; mu ne muka daina bi ta ƙofarsu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma an saba fassara karin da cewa sai da ziyara. Ina ganin yana ɗauke da gargaɗi kuma: ranar da ƙafa ta sami abin da ya ɗauke mata tafiya, sai an nemi wani abu da gangan ya riƙe zumuntar, in ba haka ba ta saki ba tare da kowa ya yi niyyar sakinta ba.

Abin da za a riƙe ta da shi ba mai yawa ba ne, kuma ba ya bukatar kowa ya koma tafiya da ƙafa. Bitar da ake yi wa maniyyata kafin tashi tana koya masu ɗaura harami da jifan shaiɗan. Minti goma sun isa a gaya masu ƙasashen da za su tsallake ko su kewaye, da wanda ke cikinsu, da halin da yake ciki. Darasin tarihi a makarantunmu yana ba hanyoyin ayarin Sahara lokaci, na gishiri da na Tarabulus, ya bar hanyar gabas kamar ba a taɓa yin ta ba. Limaman da ke ambaton wasu ƙasashe masu nisa cikin addu'ar Juma'a suna iya ƙara sunan Fashir.

Akwai kuma wurin da maganar ta daina zama ta taswira. Tun ƙarshen 2017 ƴan Sudan, yawancinsu daga Darfur, suka fara isowa Agadas daga Libiya suna neman mafaka, har suka kai wajen mutum 2000. Mutanen gari sun yi ɗari-ɗari da su, hukuma ta yi zargin akwai tsofaffin mayaƙa a cikinsu, a watan Mayu 2018 aka kwashi fiye da 100 aka mayar da su iyakar Libiya. Sauran aka zaunar da su a wani sansani wajen kilomita 15 daga gari. A Janairu 2020, bayan an tarwatsa zaman dirshan da suka yi, sansanin ya ƙone, aka kama ɗaruruwa. A Satumba 2024 mazauna wurin suka sake fara zanga-zangar lumana a kan abinci, magani da makomarsu, suka ɗauki watanni suna yi. Tsoron mutanen Agadas ba na wasa ba ne, garin da ke fama da nasa talauci ya ga baƙi sun sauka ba a shawarce shi ba. Amma irin wannan tsoro ne mutumin Janaina ya ji shekara ɗari da suka wuce, ranar da ya ga ayarin mutanen yamma, ba ya jin harshensu, ba su da takarda, sun tsaya a bakin rijiyarsa da yara da tsummokara suna cewa wucewa za su yi. Waɗansunsu sun wuce bayan kwana uku. Waɗansu jikokinsu suna can har yanzu, ko suna cikin waɗanda suka bi hanyar Adare a 2023.